Rinannen Hoto a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali Daga Hotunan Motocin Farko da Tseren Motoci

1.0 Gabatarwa

Daga wajen shekarar 2010 zuwa yau an sami yaɗuwar wani nau'in hoto wanda a da akan ga irinsa a jikin katin gaisuwa, wato tsohon hoto baƙi-da-fari wanda aka bi shi daga baya aka sanya masa launi. Daga cikin hotunan da aka fi yi wa wannan aiki akwai na motocin farko da na tseren motoci da aka gudanar a Turai da Amurka tsakanin 1894 da 1934. Dalilin haka a fili yake. Hotunan dai suna da yawa, kuma a kan faifan gilashi aka ɗauki akasarinsu, saboda haka ko an faɗaɗa su ba sa dusashewa. Ɗakin Karatu na Ƙasa na Faransa ya sanya hotunan kamfanin dillancin hoto na Rol, wanda aka kafa a 1904, a intanet, haka kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana riƙe da faifai kusan 40,000 na kamfanin Bain. Bugu da ƙari, mota aba ce mai fenti, wadda duk mai kallon hotonta yakan so ya san wane launi gare ta.

Manufar wannan muƙala ita ce ta bayyana inda launin da ake gani a irin waɗannan hotuna yake fitowa. Za a nuna cewa hasken da ya shiga kyamara a ranar tsere bai ajiye launi a jikin faifai ba, saboda haka duk launin da aka gani a yau an samo shi ne daga rubutattun kalmomi, ko daga ragowar kayan da suka tsira, ko kuma daga kintace. Wannan ne ya sa batun ya shafi masana harshe, domin kuwa matsalar da mai sanya wa hoto launi yake fuskanta 'yar'uwar wadda mai tace tsohon matani yake fuskanta ce, wato yadda za a cike abin da asali bai rubuta ba, ba tare da an yi wa asalin ƙage ba.

2.0 Iyakance Ma'ana

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe abubuwa uku waɗanda Hausar yau da kullum take haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya, wato "hoto mai kala" ko "hoto mai launi".

Akwai hoton da ya ɗauki launi daga haske tun lokacin ɗaukarsa. Hanya ta farko irin wannan da ta sami karɓuwa a kasuwa ita ce Autochrome, wadda 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka yi wa rajista a 1903, suka fara sayarwa a 1907. Shi wannan ne ya cancanci a kira shi hoto mai launi.

Akwai kuma hoton da aka ɗauka baƙi-da-fari, amma mutanen zamaninsa suka sanya masa launi da hannu ko da ɗab'in dutse. Sananniyar hanya a nan ita ce Photochrom, wadda Hans Jakob Schmid ya ƙirƙiro a kamfanin Orell Füssli na birnin Zurich cikin shekarun 1880, inda akan tanadi dutse guda domin kowane launi, a yi ta buga takarda ɗaya a kansu bi da bi. Miliyoyin katunan gaisuwa na farkon ƙarni na 20 a wannan rukuni suke.

Na uku shi ne hoton da wani mutum na wannan zamani, ko wata manhaja, ya sanya wa launi bayan shekara ɗari da ɗaukarsa. A wannan muƙala za a kira rukuni na biyu da na uku da sunan "rinannen hoto", a kira mai aikin "marini". An zaɓi kalmar rini ne domin tana ɗauke da ma'anar da ake bukata: an saƙa zane tukuna, sa'an nan aka kai shi karofi, kuma marini ne ya zaɓi launin da zai fito da shi. Bambancin da ke tsakanin marinin jiya da na yau shi ne, na jiya mai yiwuwa ya ga motar da idonsa, ko ya tambayi wanda ya gan ta, alhali na yau ba shi da wanda zai tambaya sai takarda.

3.0 Abin da Ya Hana Kyamara Kama Launin Tsere

Tambayar da za ta fara zuwa ita ce, tun da akwai Autochrome daga 1907, me ya sa ba a ɗauki tsere da shi ba? Amsar tana cikin yadda aka haɗa faifan. Akan shimfiɗa wa gilashi ƙananan ƙwayoyin sitacin dankalin Turawa waɗanda aka rina da launi uku, ja mai ruwan goro da kore da shuɗi mai shunayya, sai a ɗora sinadarin azurfa mai jin haske a bayansu. Dole haske ya ratsa ta cikin ƙwayoyin kafin ya isa ga sinadarin, kuma a nan mafi yawansa yake salwanta. Don haka ko da rana tsaka sai an bar idon kyamara a buɗe na kimanin daƙiƙa ɗaya ko fiye. Motar da take gudun kilomita 100 a awa kuwa takan shafe kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Tun a 1899 Camille Jenatzy, ɗan ƙasar Beljiyam, ya haura wannan gudu da wata mota mai aiki da lantarki a Achères kusa da Faris. Ke nan mota ta riga faifan launi gudu tun kafin a haife shi. Abin da Autochrome ya iya ɗauka shi ne mota a tsaye, da mutanen da aka ce kada su motsa. Sai da aka fitar da fim ɗin Kodachrome a 1935 da Agfacolor sabon samfuri a 1936 sa'an nan ɗaukar abu mai motsi da launi ya fara yiwuwa ga jama'a.

Ko baƙi-da-farin ma da ƙyar yake kamo motar. Misalin da aka fi sani shi ne hoton Jacques Henri Lartigue, wanda ya ɗauka yana saurayi a gasar Grand Prix ta Faransa. A hoton, rabin motar ya fice daga faifai, tayar baya ta karkace ta zama kamar ƙwai, 'yan kallo da turakun gefen hanya kuma sun kishingiɗa ta ɗaya ɓangaren. Abin da ya jawo haka shi ne, labulen kyamarar yana da tsaga wadda take ratsa faifan daga wannan gefe zuwa wancan, saboda haka ba a lokaci ɗaya aka ɗauki sama da ƙasan hoton ba, ga shi kuma mai ɗaukar yana juya kyamara yana bin motar. An daɗe ana rubuta wa wannan hoto cewa motar Delage ce a Dieppe a 1912, sai daga baya manazarta suka bi lambar motar da siffarta suka nuna cewa Schneider ce a Amiens a 1913. Wannan ƙaramin gyara yana da muhimmanci ga marini, domin idan rubutun ƙasan hoto ya ɓata sunan mota, to duk launin da aka nemo bisa wannan suna ya ɓaci tare da shi.

4.0 Yaudarar Ruwan Toka

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare, cewa launi yana ɓoye a cikin hoto baƙi-da-fari, kuma aikin kwamfuta shi ne ta tono shi. Wannan zato ba shi da tushe. Abin da faifai ya ajiye a kowane ɗigo adadi ɗaya ne tak, wato yawan hasken da ya taɓa wurin. Launi kuwa sai da adadi uku ake iya bayyana shi. A tsarin da masu wannan aiki suka fi amfani da shi, adadi na farko yana nuna haske ko duhu, na biyu yana nuna matsayi tsakanin kore da ja, na uku kuma tsakanin shuɗi da rawaya. Tsohon hoto ya ba da na farko, ya yi shiru game da sauran biyun. Jar mota da koriya da shuɗiya duk suna iya fitowa da ruwan toka iri ɗaya.

Manazarcin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan giɓi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya a takarda, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, balle "fari" wanda yake iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko kuma na ɗan fari. Mai karatu yana warware su ne daga muhallin da suka fito. Idan wani ya ɗauki tsohon matani ya bi shi yana sanya alamun karin sauti, ko ya ɗauki ajamin da ba a yi wa wasali ba ya wasalce shi, to ya yanke hukunci ne a kan kowace kalma, kuma inda muhalli bai wadatar ba hukuncinsa ra'ayi ne. Haka marini yake da ruwan toka.

Sai dai matsalar hoto ta fi haka tsanani, domin ko adadi ɗayan da faifai ya ajiye ba daidai yake da abin da idon mutum zai gani ba. Sinadarin azurfa a ɗabi'arsa shuɗin haske kawai yake ji. A 1873 Hermann Wilhelm Vogel ya gano a Balin cewa idan aka ƙara masa wasu rinuka yakan ji kore, daga nan aka sami faifan da ake kira otokuromatik, wanda ya shiga kasuwa cikin shekarun 1880. Shi wannan faifai makaho ne ga ja. Faifan da yake jin dukkan launuka, wato fankuromatik, kamfanin Wratten da Wainwright na Ingila ya fara sayar da shi a 1906, amma yana da tsada, kuma sai a cikin duhu ƙirin ake wanke shi, saboda haka masu ɗaukar hoton jarida suka ci gaba da amfani da tsohon har cikin shekarun 1920. Sakamakon haka, a yawancin hotunan tsere na wancan zamani ja yakan fito kusan baƙi, rawaya mai ƙarfi takan yi duhu, shuɗi kuma yakan yi haske har ya kusa zama fari. Shi ya sa sararin sama a waɗannan hotuna yake fitowa fari fat ba gajimare.

Motar Marmon mai lamba 32, wadda Ray Harroun ya ci tseren mil 500 na farko da ita a Indianapolis ranar 30 ga Mayu 1911, ta isa misali. Rawaya ce da ratsin baƙi, kuma launin nan da tsinin wutsiyarta sun dace da laƙabinta, wanda ma'anarsa zanzaro. A hotunan ranar kuwa da duhu ta fito. Wanda bai san halin faifan ba zai ba ta ruwan ƙasa ko baƙi, ya kuma ɗauki shuɗiyar motar Faransa ya ce fara ce ta Jamus.

5.0 Inda Marini Yake Samo Launi

5.1 Dokar Launin Ƙasa

Babban abin da ya sauƙaƙa wa marinin hoton tsere aiki shi ne dokar da ta ba kowace ƙasa launinta. Asalinta daga gasar Kofin Gordon Bennett ne, wadda James Gordon Bennett ƙarami, mai jaridar New York Herald, ya assasa, aka yi ta sau shida daga 1900 zuwa 1905. Gasa ce ta ƙasa da ƙasa, kowace ƙasa mota uku ce iyakarta, kuma wajibi ne a ce a cikin ƙasar aka ƙera kowane ɓangare na motar. Domin 'yan kallo da alƙalai su gane mota cikin ƙura, a tseren farko daga Faris zuwa Lyon aka ba Faransa shuɗi, Beljiyam rawaya, Jamus fari, Amurka kuma ja. A 1902 Selwyn Edge ya ci kofin da motar Napier, saboda haka karɓar baƙuncin gasar 1903 ya faɗo kan Birtaniya. Da yake doka ta hana tsere a kan titunan Ingila, sai aka kai shi Ailan, a kewayen garin Athy, motocin Birtaniya kuma suka fito da koren fenti. Jenatzy ne ya yi nasara a wannan karo da farar Mercedes. Daga baya ja ya koma hannun Italiya, Amurka ta ɗauki fari da shuɗi.

Idan aka sami hoton Athy na ranar 2 ga Yuli 1903, aka kuma gane lambar mota, to marini yana tafiya a kan turba. Amma a nan ne matsala ta biyu take ɓullowa, wadda ta harshe ce zalla. Doka ta ba da kalma ne kawai. Kalmar launi kuwa fili take nunawa mai faɗi, kamar yadda aka yi ta tattaunawa tun bayan littafin Berlin da Kay na 1969 a kan kalmomin launi na asali. A Hausa "ja" yakan kama tun daga jini har zuwa jar ƙasa da fatar mutumin da ake ce wa ja, "baƙi" kuma yakan haɗa da rawanin da aka turara da baba har ya yi duhu yana ƙyalli, wanda Bature zai ce shuɗi ne. Haka kalmar "kore" take a bakin Ingilishi masu tsere: an yi amfani da kore mai ruwan zaitun, da kore shar, da kore mai duhun da ya kusa zama baƙi, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar fili, sai an ba ta adadi takamaimai ga kowane ɗigo. Saboda haka ko a inda shaida ta fi ƙarfi, marini yana faɗin abin da ya wuce abin da shaidar ta faɗa.

5.2 Inda Dokar Take Ɓatarwa

Haɗarin doka shi ne a shimfiɗa ta inda ba ta kai ba. A ranakun 26 da 27 ga Yuni 1906 aka yi gasar Grand Prix ta farko a kusa da Le Mans, a kan da'ira mai tsawon kilomita 103, zagaye shida kowace rana, jimla kilomita 1,238. Wannan gasa ta kamfanoni ce, ba ta ƙasashe ba. Ferenc Szisz, haifaffen Hungari, shi ya ci da motar Renault, da matsakaicin gudun kilomita 101 a awa. Mota ce ta Faransa, a ƙasar Faransa, amma ja ce. Marinin da ya haddace cewa Faransa shuɗi ce zai yi kuskure a kan mota mafi shahara a tseren, alhali duhun da ta yi a faifai ma ya isa ya tsayar da shi, da ya san halin faifan.

Labarin jan Italiya shi ma yana da irin wannan tarko. An sha danganta shi da motar Itala wadda Yarima Scipione Borghese ya ci tseren Bejin zuwa Faris da ita, daga 10 ga Yuni zuwa 10 ga Agusta 1907. Amma motar tana nan a gidan tarihin motoci na Turin, kuma ruwan toka ce. A nan labari ya ce abu ɗaya, ƙarfe ya ce wani. Ko shi ƙarfen ma shaida ne da ake karɓa da taka-tsantsan, domin motar da ta shekara ɗari an sha sake mata fenti, kuma mai gyaran jiya yana iya zama shi ma labari ya bi.

Mafi shahara a wannan babi shi ne labarin motocin Mercedes masu ruwan azurfa. An ce a daren da za a yi tseren Eifel a Nürburgring cikin Yuni 1934, an auna sabuwar motar aka tarar ta haura kilo 750 da doka ta yanke da kilo ɗaya, sai aka kwana ana kankare farin fenti har alminiyam ya bayyana. Alfred Neubauer, manajan ƙungiyar, shi ya yaɗa labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 1958. Manazarta sun yi masa tambayoyi masu nauyi, musamman ganin cewa ba a ƙarƙashin dokar kilo 750 aka yi wannan tsere ba. Abin lura a nan shi ne, marinin da ya sami hoton motar kafin ranar tseren, idan ya ba ta fari ya goyi bayan Neubauer, idan ya ba ta azurfa ya ƙaryata shi. Ba shi da hanyar yin shiru kamar yadda baƙi-da-fari ya yi.

A wajen fagen tsere, motar Ford samfurin T ce aka fi zalunta. Saboda maganar da aka san Henry Ford da ita game da baƙin fenti, akan ɗauka duk baƙaƙe ne. Gaskiyar ita ce daga 1908 zuwa 1913 an fitar da su da ja da kore da shuɗi da ruwan toka, baƙi zalla kuwa daga 1914 ne zuwa 1925, sa'an nan launuka suka dawo a 1926. Shuɗin da aka yi amfani da shi wajen 1912 yana da duhu ainun, wanda ya ƙara rikita al'amarin. Taya ma haka: kafin a fara zuba baƙin gawayi cikin roba a farkon shekarun 1910, tayoyi farare ne ko masu ruwan toka mai haske, fitilu da bakin lagireto kuma na tagulla ne mai ɗaukar ido.

5.3 Zanen Mutanen Zamanin

Wata madogara ita ce zane mai launi da aka yi a lokacin. Jaridar Le Petit Journal, wadda ta shirya gasar Faris zuwa Rouen ta ranar 22 ga Yuli 1894, inda motoci 21 suka tashi a tafiyar kilomita 126, ta buga zane mai launi na gasar a bangon mujallarta. Ernest Montaut ya yi suna da zanen tsere da ake bugawa a dutse a sanya launi da hannu, bayan rasuwarsa a 1909 kuma matarsa Marguerite ta ci gaba da aikin. Waɗannan mutane sun ga motocin, amma ciniki suke yi, kuma kamfanonin taya da na mai ne suke ba da aikin wasu zane-zanen, saboda haka abin da zai ja ido ya fi damunsu.

6.0 Rinin Na'ura da Matsalar Alama

Marini mai haƙuri yakan ɗauki kwanaki a kan hoto ɗaya, yana raba shi kashi-kashi a manhaja irin Photoshop, yana neman shaida a kan kowane kashi. Irin wannan aiki ne Marina Amaral, 'yar ƙasar Barazil, ta yi a littafin da suka fitar da masanin tarihi Dan Jones a 2018. Amma mafi yawan rinannun hotunan da suke yawo a yau na'ura ce ta rina su cikin daƙiƙoƙi. A 2016 Richard Zhang da Phillip Isola da Alexei Efros na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana wata hanya inda aka nuna wa kwamfuta hotuna masu launi fiye da miliyan ɗaya, ana cire musu launin ana sa ta kintata, har ta koyi cewa ciyawa koriya ce, sama shuɗiya ce. A gwajin da suka yi, mutane sun ɗauki rinin na'urar a matsayin na gaske a kashi 32 cikin 100 na lokutan. Su da kansu sun fayyace cewa abin da suke nema launi ne mai kama da gaskiya, wanda zai gamsar da ido. A 2018 kuma manhajar DeOldify ta Jason Antic ta sa aikin ya zo hannun kowa.

Ga ciyawa da sama da fatar mutum wannan hanya tana aiki gwargwado, domin launinsu bai sake ba tun 1906. Ga fentin mota kuwa ba ta da abin kamawa. Hotunan da ta koya daga gare su na wannan zamani ne, waɗanda aka ɗauka da kyamara mai jin dukkan launuka, saboda haka ba ta san cewa duhu a tsohon faifai yana iya nufin ja ko rawaya ba. Inda ta rasa tabbas takan tsaya a tsakiya, ta ba da wani ruwan ƙasa mai ratsin shunayya, wanda wani lokaci yakan sauya daga bonet zuwa ƙofa a jikin mota ɗaya. Illar wannan ta wuce kuskure a kan mota guda, domin tana koya wa mai kallo cewa zamanin ne ya kasance mai dusasshen launi, alhali mutanen da suka yi wa mota fentin rawaya da ja zur domin a hango ta cikin ƙura ba dusasshen abu suke so ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi watsi da rini ɗungurungum. Akwai abin da yake fito da shi wanda ido yakan tsallake a baƙi-da-fari. A hotunan Le Mans na 1906, alal misali, rini mai kyau yakan raba fuskar direba da makaniken da ke zaune gefensa daga ƙura da kwalta da suka rufe su, kwaltar da zafin rana ya narkar har ta shiga idon Edmond, ɗaya daga direbobin Renault, ta tilasta masa barin tseren. Yakan kuma sa a lura da yadda 'yan kallo suke tsaye dab da hanya, abin da ya jawo asarar rayuka a tseren Faris zuwa Madrid na 1903, wanda hukuma ta dakatar a Bordeaux, kuma a cikinsa ne Marcel Renault ya sami raunin da ya yi ajalinsa.

Muhawara a kan haƙƙin asali ta girmi kwamfutar gida. A shekarun 1980, lokacin da kamfanin Ted Turner ya shiga rina tsofaffin finafinai, masu shirya fim sun kai kuka Majalisar Dokokin Amurka, kuma dokar adana finafinai ta 1988 ta wajabta a manna sanarwa a jikin duk fim ɗin da ke cikin rajistar ƙasa idan an rina shi. A Faransa kuwa, a 1991 kotun ƙoli ta ba magadan John Huston gaskiya a kan nuna rinannen kwafin wani fim ɗinsa na 1950. Hoton tsere ba shi da irin waɗannan masu tsaya masa, domin yawancin waɗanda suka ɗauke shi ma'aikatan kamfanin dillanci ne da ba a rubuta sunayensu ba, kuma haƙƙin mallakar mafi yawansa ya ƙare.

Masu tace matani sun daɗe da warware makamanciyar wannan matsala ta hanyar alama: abin da mai tacewa ya ƙara akan sa shi cikin baka mai kusurwa, karatun da ake shakka a bayyana shi a ƙasan shafi, a kuma faɗi inda asalin yake ajiye. Wasu marina suna bin kwatankwacin haka, suna buga asali kusa da rinanne, da lambar faifan a rumbun da ya fito, da bayanin cewa launin bodi daga dokar gasa aka samo shi, na rigar direba kuwa kintace ne. Wahalar ita ce baka mai kusurwa tana cikin jikin matani, duk inda aka kwafe shi tana biye da shi, alhali bayanin marini a gefen hoto yake, kuma shi ne abu na farko da yake faɗuwa idan aka yanko hoton aka tura wa wani. Daga nan sai ya shiga littafin makaranta ko shirin talabijin da rubutun "Le Mans, 1906" kawai a ƙasansa, shekarar da ko faifan Autochrome bai shiga kasuwa ba tukuna.